Makunnin Ƙafar Ɗahiru

Wallahi yau da ƙyar na iya ɗaukar wayar nan in rubuto muku. Yatsuna a ƙone suke, bayana kamar an yi min duka da muciya, amma na san in na yi shiru za ku cika min waya da "Anti Husaina ina labari?" To ga shi. Wanda yau ya fara karantawa, ni ce Husaina ta Gyaɗi-Gyaɗi, mai gyaran waya a kusurwar shagon ɗinkin Ummanmu, 'yar biyun Hasana wadda ake shirin bikinta bayan Sallah. Wanda nake so kuma sunansa Ɗahiru, makaɗin jita ne. E, daidai kuka karanta. Ku gama zaro idon sai mu ci gaba.

Ɗahiru ba shi da ƙungiya, shi kaɗai yake wasa. Abin da yake taimakonsa wani ɗan akwati ne ja da bai fi tafin hannuna ba, suna ce masa lufa. A ƙasa yake ajiye shi. Zai taka ya kaɗa wani sashe, akwatin ya naɗa ya yi ta maimaitawa, shi kuma ya ɗora wani kiɗan a kai. In ka rufe ido sai ka rantse mutane ne cike da wurin. Tsayar da shi ne aiki, don sai an taka sau biyu da sauri, ƙwas-ƙwas. Da can ko kallon ƙasa ba ya yi. Amma tun da adaidaita sahu ta kife da su bara aka saka masa ƙarfe a idon sawun dama, ƙafar ta daina wannan saurin. Ta hagun kuwa ita ke ɗauke da nauyinsa, ba ta da lokacin koyon sabon aiki.

Watan jiya a wata dina aka miƙa wa uwar ango abin magana ta yi addu'a, kiɗa ya ƙi tsayawa. Ya taka, ya sake takawa, abin sai ƙara naɗa yake. Tsohuwa tana tsaye da hannu a sama, 'yan mata suna ta ƙyalƙyala dariya suna ɗauka a waya, sai da ya durƙusa ya fizge wayar wuta. Tun ranar bai sake karɓar aiki ba. In ya zo zance ma rabin hirar kallon takalminsa yake yi.

Ranar Litinin da hantsi ina canja wa wata waya gilashi saƙonsa ya shigo.

"Husna, akwai wani makunnin ƙafa da ake jona wa lufa, taku ɗaya ya tsaya. Na zaga Sabon Gari babu. Sai dai oda, kuma ba zai iso kafin Asabar ba."

"Me za a yi Asabar?"

"Na karɓi wasa. Wannan ɗin ba na so in ji kunya."

"Turo min hoton bayan akwatin."

Ya turo. Na buɗe hoton da yatsu, ga ramin jak ɗin nan da ake jona makunnin a gefe. Na ɗan yi bincike, na gane abin ba wani tsafi ba ne: waya biyu ce da makunni ɗaya, sai gidan da zai jure taku.

"Zan haɗa maka."

"Ke?"

"A'a, aljanar gidanku."

Ya turo fuskar dariya har da hawaye. Rabon da ya turo min ita na manta. Kun ga abin da ya ja ni cikin wahalar nan ke nan, fuskar dariya guda ɗaya.

Gidan makunnin shi ya fara ba ni ciwon kai. Ƙafar Ɗahiru ba ta son ƙaramin abu, tana buƙatar wuri mai faɗi da zai ɗora tafin gaba ɗaya. Ina wannan tunanin idona ya sauka ƙarƙashin teburin yanka, inda fedar tsohon keken lantarkin Umma take kwance cikin ƙyallaye. Tun da motar keken ta ƙone Umma ta koma na ƙafa, ta ce ta gaji da jiran wuta. Fedar baƙa ce, ta ƙarfe, saman ya sha taku har ya yi sheƙi.

Sai dai na yi rashin sa'ar lokaci. Shagon a cike yake da ankon bikin Hasana, atamfa ruwan goro mai zanen fitila, an rataye wasu an ninke wasu, kuma Gwaggo Saratu, yayar Baba, tana tsakiya da hannuwa a buɗe ana gwada mata riga. Mayafinta na kafaɗa, jakarta na kan kujerata.

"Umma, kina son fedar nan?"

Umma na da fil a baki, ta girgiza kai. Gwaggo ce ta amsa.

"Me za ki yi da ita?"

"Wani aiki zan haɗa."

"Na wa?"

Ban ko buɗe baki ba, ta ba kanta amsa.

"Na mai garayar Turawan nan ko? Oh ni Saratu! Yarinya da karatunki da sana'arki, ki rasa wanda za ki liƙe wa sai makaɗi, makaɗin ma mai jan ƙafa. 'Yar uwarki ga ta nan an kawo lefe, ke kina tsintar masa ƙarafa a bola."

"Gwaggo, hatsari ya yi."

"Allah ya ba shi lafiya, ban yi masa dariya ba. Amma hatsarin ne ya hana shi turo magabata? Kafin ya faɗi me ya hana?"

Masu karatu, wannan tambayar ta fi zagin ciwo. Shekarun da Ɗahiru ya yi yana tsayuwa a ƙofar gidanmu sun isa a yaye yaro. Baba direban tirela ne, mutum mai sanyi, bai taɓa ce min ga wanda zan aura ba. Amma kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya kira ni ya ce, "Husaina, ba na ƙin yaron nan. Sai dai in na dawo bai turo manyansa ba, ya huta da zuwa, ke ma ki huta." Na faɗa wa Ɗahiru. Ya ce yana ƙoƙari. Kullum yana ƙoƙari.

Sai da Gwaggo ta tafi Umma ta cire fil ɗin daga bakinta, ta tura min fedar da ƙafa.

"Ɗauki. Amma ki sani ƙafata ta daɗe a kanta ina nema muku abin da za ku ci. Kada ki kai ta inda za a taka ta a banza."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɗinki. Na ɗauka na goge ƙurar da gefen hijabina.

Washegari na hau adaidaita zuwa kasuwar Tarauni cikin ranar da ke narka kwalta. Chibueze nake nema, mai sayar da kayan tsofaffin na'urori. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Na same shi yana fifita da kwali.

"Injiniya! Yau me ya lalace?"

"Makunni nake so, wanda in ka danna ka saki yake komawa. Mai ƙwari, ƙafa za ta taka."

Ya kawo na ƙararrawar ƙofa, na ce roba ce, ba za ta kai mako ba. Ya kawo na fanka, na ce wannan in an danna zama yake. Ya ƙare min kallo, ya shige can ciki inda zafi ya fi, ya daɗe yana ƙarar ƙarafa, ya fito da wani ɗan baƙin abu mai harshen ƙarfe da ƙafa uku.

"Daga ƙofar na'urar ɗumama abinci na ciro. Wannan sai dai ya ga bayanki."

Na danna, ya ce ƙyas. Na saki, ya ce ƙyas. Na haɗa da kan jak irin na jita da waya mai kauri, na fito. A hanya adaidaitar ta mutu a kusa da Daurawa, muka tako da ƙafa, na iso shago takalmina ya yi min kanta.

Aikin da na zaci na yini ɗaya ne sai ya cinye min sauran makon. Na kwance sukurorin fedar, biyu sun yi tsatsa sai da na jiƙa su da man keke suka kwana. Na ƙwaƙule kayan cikinta, na bar sifirin ɗin da ke mayar da ita sama kaɗai. Wurin zaunar da makunnin ya fi komai cin rai: in ya yi sama taku ɗaya zai murƙushe shi, in ya yi ƙasa fedar ba za ta taɓa shi ba. Na yanka katako, ya yi kauri. Na kankare, ya yi siriri. A ƙarshe robar tsohon silifas ɗin Umma na yanka na saka a ƙarƙashi, ta zauna daram. Duk wannan ina yi ana katse ni. Wannan cajinsa ba ya shiga, waccan wayarta ta faɗa a miya, ga Hasana tana kira.

"Husaina, ke fa ce babbar ƙawa. Har yau ba ki zo mun zaɓi kalar ɗankwali ba."

"Zaɓi kawai, duk wanda kika ɗauka ya yi."

"Haka za ki ce? Bikina ne fa. Tare aka haife mu, ina ta zaton tare za a kai mu, yanzu ko zaɓen ɗankwali ba za ki taya ni ba?"

Muryarta ta karye. Na ce ta yi haƙuri zan zo. Da na ajiye wayar na daɗe ina kallon fedar a buɗe kamar kifin da aka fasa.

Ranar da zan yi dalma aka ɗauke wuta tun asuba. Na jira har azahar babu labari, na shiga gida na kunna gas na ɗora bakin ayan, wato ƙarfen narka dalma, a kan wuta. In ya yi zafi in ruga in ɗiga dalma, kafin in daidaita wayar ya huce, in koma. A zagaye na nawa ne ma, na manta na kama shi ta wajen ƙarfen. Ihun da na yi sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Umma ta zo ta kama hannun ta tsoma a ruwa. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Da hannu ɗaure da ƙyalle na gama. Na ɗora mitar gwajin wuta, na taka, allura ta motsa. Na ɗauki hoto na tura masa.

"An gama."

"Allah ya bar min ke. Gobe bayan la'asar a sutudiyon abokina Kolawole?"

"Da Hasana zan zo."

"To. Akwai maganar da nake so mu yi ma."

Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Ku mata kun san irin wannan layin. Ko dai alheri ne ko akasinsa, ba ya zuwa tsakiya.

Juma'a na saka doguwar rigata ruwan toka da mayafi baƙi, na ɗan zizara kwalli don idona ya faɗa. A jakata akwai hoda, turare, ayan, dalma da sukundireba. Sai da na fara raka Hasana ta zaɓi ɗankwalinta, ruwan zuma, sannan ta yarda ta raka ni. Sutudiyon abokinsa Kolawole ɗan ɗaki ne a bayan kasuwar Tarauni, an manna katifar soso a bango, janareta na kuka a waje. Hasana ta zauna a bakin ƙofa tana waya da angonta. Ɗahiru na kan kujera cikin shadda fara wadda ta sha wanki, jita a cinya, sandarsa jingine da bango. Ya rame. Ban lura ba sai ranar.

Ya karɓi fedar da hannu biyu yana juya ta.

"Wannan ba ta keken ɗinki ba ce?"

"Ta Umma ce. Ka taka a hankali."

Na jona. Ya kaɗa wani sashe, lufa ta ɗauka tana maimaitawa. Ya ɗora ƙafa ya taka. Kiɗa ya ci gaba. Ya dube ni. Ya ɗaga ƙafar, sai a lokacin ya tsaya.

Ya sake gwadawa, haka dai. In ya taka ba komai, sai ya ɗaga. Mako guda, yatsu a ƙone, kukan Hasana, gorin Gwaggo, ga abin da na haɗa yana aiki a juye.

"Ba komai, Husna, zan saba da shi haka."

"Ba za ka saba ba. Miƙo."

Na zauna a ƙasa a kan dardumar Kolawole na kwance sukurori. Ƙafa uku makunnin yake da su. Ɗaya ta kowa ce, ɗaya tana haɗuwa in an danna, ɗaya tana rabuwa in an danna. Ni na ɗaura a mai haɗuwa, ashe akwatin nasa rabuwar yake jira. Na jona ayan a wutar janareta, na narka, na matsar da wayar zuwa ɗaya ƙafar. Hayaƙin dalma ya shige min ido, na bar shi ya zama dalilin hawayen.

"Gwada."

Ya fara da wani kiɗa mai nauyi a ƙasa, kamar tafiyar raƙumi. Ya ɗora wani siriri a kai. Ya buga jikin jitar da tafin hannu ya zama ganga. Ɗakin ya cika, har Hasana ta sauke waya daga kunne ta leƙo. Ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka, fuskar da na sani tun farko ta dawo. Yana tsakiyar tashi sama ya ɗora ƙafar nan mai ƙarfe ya taka sau ɗaya.

Tsit. Sai kukan janareta.

Kolawole ya yi tafi daga bayan na'urorinsa. Ɗahiru ya sake yi, ya sake tsayarwa, yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Ni ma na yi dariyar, gajiyar ta ɗan sake ni. Sai Kolawole ya ce zai je ya duba mai a janareta, ya fita ya ja Hasana da hira. Na gane an shirya haka.

Ɗahiru ya jingine jitar.

"Na je wurin Kawu."

Kawunsa shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ne kuma zai nema masa aure. Yana da shagon tayoyi a Hotoro.

"Na daɗe ina zuwa, Husna. Ban faɗa miki ba ne don amsar ba ta canjawa. Ya ce ba zai shiga gidan mutunci ya ce ɗansa makaɗi ne ba. In ina so ya je, in ajiye jita in zo shago."

"Sai ka ce me?"

"Makon jiya na ce masa na amince."

Na dube shi, na dubi fedar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

"Wasan gobe fa?"

"Shi ne na ƙarshe. Shi ya sa na ce ba na so in ji kunya. Ina so in tsayar da kiɗan da ƙafata, ba a yi min dariya ba. Bayan nan Kolawole zai ɗauki kayan." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Lahadi Kawu zai zo gidanku."

Jama'a, wannan ita ce maganar da na yi shekaru ina jira. Na sha tsara yadda zan ji ta, har da irin rigar da zan saka. Ga ta ta zo, ni kuma ina zaune a ƙasa da ayan a hannu, ba abin da nake ji sai nauyi. Yanzun nan na ga fuskarsa yana kiɗa. Na kuma san fuskar da ya yi wata guda yana yawo da ita da bai kaɗa ba. Waccan fuskar ce za ta riƙa dawo min gida kullum da warin taya, kuma ko bai taɓa faɗa ba, ni zan san saboda wa.

"Ba ka tambaye ni ba, Ɗahiru."

"Me zan tambaya? Ba abin da kike so ke nan ba?"

"Na ce ka turo. Ban ce ka yanke hannunka ka turo da shi ba."

"To ya zan yi? Babanki ya ba da lokaci, Kawu ya ba da sharaɗi. Ni ɗaya ne, Husna. Na gaji. Ke ma kin gaji, ga hannunki nan."

Na ɓoye hannun a mayafi. Aka fara kiran magariba a masallacin kasuwa. Na tattara kayana, na bar masa fedar.

"Kada ka bari kowa ya zo tukuna. Ka ba ni zuwa gobe."

Na fita na kira Hasana.

A adaidaita Hasana sai tambaya take, ni kuwa na jingina kai da ƙarfe ina kallon masu lemo suna kunna fitilu. Muna shiga layinmu na hango yara sun taru a ƙofar gida ana raba musu rake. Baba ya dawo.

Yana tsakar gida a kan tabarma da rediyonsa, ya cire hula, Umma na zuba masa ruwa. Gwaggo Saratu ma tana nan, kuma abin mamaki, da fara'arta. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Husaina, matso," in ji Baba. "Ina hanya kawun yaron nan ya kira ni. Mutumin kirki. Ya ce jibi suna tafe."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Kuma ya bar kiɗan! Shago zai zauna. Yanzu na ji magana. Sai a haɗa da na Hasana a huta."

Hasana ta rungume ni ta baya tana tsalle. Umma kaɗai ce ba ta yi murmushi ba, hannuna mai ƙyalle take kallo. Wayata ta yi motsi a jaka, na san shi ne, ban duba ba.

"To, uwata," Baba ya ce, yana dubana da idanunsa da suka yi ja don tuƙi. "Na ce musu sai na ji daga bakinki. In ce su zo?"

Na gyara durƙuso.

"Baba, su zo. Amma akwai abin da nake so ka faɗa wa kawunsa a kan sharaɗin barin kiɗan nan, kuma na san Gwaggo ba za ta so shi ba."

Guɗar Gwaggo ta maƙale. Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Ina jin ki."